Neman Man da Ruwan Alwala Zai Ratsa

Na sha wahala a shekarar da soja suka tattara suka koma bariki. Wahala ce irin wadda mutum zai kwanta da ita ya tashi da ita, kuma ba ruwanta da abin da ake ta faɗa a rediyo. Gari ya cika da zancen farar hula, an manna hotunan masu neman kujera har a jikin darbejiyoyin titin Gidan Zu, ni kuwa abin da ke gabana dunduniyar mahaifiyata ce ta hagu.

Wankin mota nake yi a lokacin, a wani fili a Gyaɗi-Gyaɗi. Tiyo, bokiti, soso, tsumma, su ne kayan aikina. Karatuna na allo ne, sai 'yan shekaru a firamare da ban fito da komai daga cikinsu ba sai lambobi, su ma lambar mota ce ta hana su gudu. Muna haya a Tarauni, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Inna ta dawo wurina bayan rasuwar mahaifinmu, don ƙannena mata duk aure ya kai su nesa. Matata kuma ta tafi garinsu haihuwa, ba za ta dawo ba sai ta gama wanka. Daga ni sai Inna.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. In tana son abu, da bango take magana. "Da a ce akwai mai fita a gidan nan, da an sayo goro." Sai in tashi in sayo goro. A haka muka tsufa, ita tana gaba ina bin ta.

Ciwon suga ne da ita. Ya rage mata gani, ya kashe mata jin ƙafa, har ta taɓa yini da ƙaya a tafin sawu ba ta sani ba. Da zafin bazara ya tsananta sai dunduniyarta ta bushe ta yi faso, na hagun ya fi zurfi. Na kai ta asibitin unguwa. Nas ɗin da ta duba ta ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ja ni gefe ta ce mai suga ba ya wasa da faso, in ya buɗe ya zama gyambo ba ya warkewa da wuri, kuma ta sha ganin inda aka kai ga yanke ƙafa. Ta ce a riƙa shafa mai kullum, kada a bar fatar ta bushe. Magani ke nan mai sauƙi, na ce a raina. Ban san Inna ba ke nan.

Na biya kemis na sayo basilin. Ta karɓa da hannun dama tana kallon wani wuri, ta lakata, ta shafa a bayan hannunta, sannan ta karkata buta. Ruwan ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza, bai jiƙa ko'ina ba.

"Wannan ba mai ba ne," ta ce wa bango. "Leda ce. Wanda ya shafa wannan ya yi alwala, ya bar lam'a tun daga idon sawu har yatsu. Ruwa bai taɓa shi ba, sallarsa tana ina?"

"Inna, likita ce ta ce."

"A faɗa wa likita ta shafa."

Ita kuwa Inna ba ta haɗa salla biyu da alwala ɗaya. Kowace salla da tata, har walaha da nafilfili. Ta wanke ƙafa, zafi ya busar, ta sake wankewa, ya sake busarwa. Ga shi kuma wata maƙwabciya ta taɓa faɗa mata cewa mayukan kanti da kitsen alade ake haɗa su. Sharaɗinta biyu ke nan: man da ruwa zai ratsa, kuma wanda babu ƙazanta a ciki. Ni kuma ban iya karanta abin da ke jikin roba ba.

Akwai wata mata mai shagon kayan shafe-shafe a Gyaɗi-Gyaɗi, kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta yi koyarwa har ta ajiye, mijinta ma'aikacin gwamnati ne. Ni nake wanke masa tsohuwar motarsa ran Asabar don ya je coci da ita fes. Madam muke ce mata. Na shiga shagon da rana tsaka, rigata a jiƙe.

"A'a, Malam mai wanki! Kai ma takara za ka tsaya? In ba ka mai sa haske ne, ka fito a fasta kamar Balarabe?"

"Madam, fuskar nan ta riga ta gama aiki, a bar ta. Tsohuwa ce ba lafiya."

Na faɗa mata komai, har da maganar alade, ina jin nauyin bakina. Ba ta ji haushi ba. Ta ɗauko tabarau, ta fara sauko da robobi da kwalabe tana jerawa a kan kanta.

"Ka san yadda ake karanta bayan roba?"

"Ko gabanta ban iya ba."

"To saurara. Abin da suka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Na can ƙarshe ɗan ɗigo ne." Ta bi rubutun da farce. "Wannan, ruwa. Wannan ma ruwa. Wannan mai tsadar mai hoton Baturiya, ruwa."

"Ashe ruwa ake sayar mana a roba?"

"Kai me kake sayarwa a filinku?"

Ta fara ture masu sa haske gefe guda, ta ce waɗannan cin fata suke yi, ko a kan lafiyayye ba ta so, balle mai ciwo. Sannan ta ɗaga wata farar roba ta ce a cikin wannan akwai gilisarin, shi aikinsa jawo damshi ya riƙe a fata, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da kansa in damina ta shigo.

"Da me ake yin sa?"

"Wani daga man itace, wani daga kitsen dabba."

"Wace dabbar?"

Ta daɗe tana juya robar, ta kai ta bakin ƙofa wurin haske. "Ba su faɗa ba. Kuma ba zan yi wa tsohuwa ƙarya don in sayar da roba ɗaya ba."

Ta ɗauko wani mai kauri, rawaya, a gwangwani. Ta ce wannan akwai maiƙon gashin tunkiya a ciki, ba yanka ta ake ba, aski ake yi mata a wanke gashin a tara maiƙon. Akwai mai man kwakwa, akwai mai man zaitun wanda zaitun ɗin yana can ƙarshen rubutu, bayan turare ma. Akwai wani tsinkakke mai ƙamshin lemo da hoton ganye, shi an rubuta ƙarara cewa babu komai na dabba a ciki. Da ta zo kan basilin sai ta buga murfinsa da yatsa.

"Wannan daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Ba tunkiya, ba saniya, ba wancan da ba ka son faɗa. Shi ne maganin faso."

"Shi ne Inna ta ce leda."

"Mama ba ta yi ƙarya ba," in ji ta. Ta lakato mini kaɗan-kaɗan daga waɗanda aka riga aka buɗe, ta zuba a murafen kwalba, na jera su a cikin hulata na fita da su kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ni dai ban san rubutu ba, amma na san ruwa. Shekara da shekaru ina kallon yadda yake zama a jikin mota. Wadda aka goga wa folish, ruwa ba ya kama ta, sai ya tsaya ƙwallo-ƙwallo. Wadda fentinta ya mutu, shimfiɗewa yake yi ya kwanta. Saboda haka da rana ta take, motoci suka ɗauke, na zauna a kan bulo a gindin darbejiya, na naɗe hannun riga, na shafa mayukan a jere tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Na rage ƙarfin tiyo har ya koma kamar bakin buta, na sake shi a kai.

A kan basilin ruwan ko tsayawa bai yi ba. A kan na tunkiya ya tsaya ɗigo-ɗigo, manya, suna rawa. Mai gilisarin ya yi fari ya yi santsi kamar sabulu. Mai man kwakwa ya raba ruwan gida-gida. Na sunkuya ina kallon ɗigon da ke kan na tunkiya. A cikin kowanne akwai darbejiya a juye, da sama, da ni kaina ƙanƙani ina leƙe. Zafi ya yi nauyi, ƙarar titi ta yi nisa kamar daga wani gari take zuwa. Ban san lokacin da na bar Gyaɗi-Gyaɗi ba.

Ina yaro, in kakata ta aike ni gidanmu, wani lokaci nakan tarar Inna za ta rafi. Ba ta cewa in zo, ba ta cewa in zauna. Sai ta ɗauki tulu ta yi gaba, ni kuma in bi. Ba ta waiwaye. Abin da nake gani kawai dunduniyarta, tana ɗagawa tana saukewa a kan jiƙaƙƙen yashi, baƙa, sumul, tana sheƙi kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana bi ta kansa. In ta ɗaga ƙafa sai gurbin sawun ya riƙa cika da ruwa a hankali daga ƙasa, ni kuma in zura tawa a ciki kafin ya cika. Akwai sanyi a ciki. Akwai wasu tsuntsaye farare da ke tsayawa a tsallaken rafin, ba sa motsi, kamar an shanya su. In tafiyata ta yi baya sai in ga tata ta ragu, ba tare da ta juyo ba. A shekarun nan da za a jera mini fuskokin matan garinmu zan iya yin kuskure, amma da za a jera ƙafafu, da gudu zan nuna tata.

"Malam! Barci kake a zaune, ruwa na zuba?"

Wani ne da mota duk an lulluɓe ta da hotunan ɗan takara, yana so a wanke ba tare da an jiƙa fuskar maigidansa ba. Na miƙe. Kafin in ɗauki soso na duba hannuna. Wuri ɗaya ne ruwa ya kwanta ya jiƙa fata sosai kamar ba a shafa komai ba: wurin tsinkakken nan mai ƙamshin lemo.

Na koma shago na ce shi nake so. Madam ta kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan na 'yan mata ne masu zuwa ofis. Ruwa ne da turare, da wani sinadari mai sa shi saurin bushewa. Ba na faso ba ne."

"Shi ruwa ya ratsa."

"Malam, ina faɗa maka."

"Madam, ko shi ko babu. Na san wadda zan kai wa."

Da yamma na zauna a bakin ƙofar Inna na ba bango labarin duk abin da na gano, ita tana ji. Da na zo kan maiƙon gashin tunkiya sai ta katse ni.

"Tunkiyar wa?"

"Ta Turawa, Inna."

"Allah Ya kyauta."

Na tura mata robar lemon. Ta yi irin gwajinta, ta shafa, ta karkata buta, ta murza. Ruwa ya kama. Ta sansana hannun.

"Ƙamshin 'yan iska ne da shi," ta ce. "Amma ba ya tare ruwa. A ajiye."

Na yi murna ranar, har na sayo tsire. Ta riƙa shafawa da kanta safe da yamma. Ɗakinta ya koma ƙamshin lemo, buzun sallarta ma haka. Sai dai idonta ba ya ganin fason, ƙafar ba ta gaya mata inda yake, bayanta kuma ba ya lanƙwasuwa ya kai ta can. A saman ƙafa take shafawa, inda hannu ya kai. Ni kuma ba ni da fuskar da zan ce ta miƙo in gani. Dabarar da na samu ita ce in zauna a tsakar gida daidai ƙofarta in tana salla. In ta yi sujada dunduniyoyin sukan juyo sama, su kalle ni. A nan nake duba su, daga nesa, kafin ta ɗago.

Aka yi ta haka har hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Fason bai rufe ba. Bakinsa ya yi fari ya yi tauri kamar gefen busasshen kududdufi. Wata ranar da la'asar ta yi sujada, na ga tsakiyarsa ya yi ja. Da ta sallame ta janye ƙafa, sai ga ɗigon jini a kan farin gashin buzu, ɗan ƙarami kamar ƙwayar dawa. Ba ta gan shi ba. Ta ci gaba da jan carbi.

Na sa ta a mota muka koma asibiti. Nas ta wanke wurin, ta rufe tsakiyar da auduga, ta ce bai kai nama can ciki ba tukuna, amma saura kaɗan. Ta tambayi man da ake shafawa, na nuna mata. Ta mayar mini da robar. Daga baya ta ce a nemi mai kauri, a shafa a kewayen ciwon da duk dunduniyar tun fatar tana da damshi, a sa safa.

Na mayar da Inna gida na wuce shago. Madam ba ta ce ai na faɗa maka ba, na gode mata da wannan.

"Malam, kai da kake goga wa mota folish, don me kake gogawa?"

"Don kada ruwa da rana su ci fenti."

"To ita ma fata rufi take so. Damshin da ke cikinta ne yake gudu. Man da ya buɗe wa ruwan buta ƙofa ya shiga, ta wannan ƙofar na jiki yake fita."

Na tsaya ina kallon robobin. Ashe duk gwajin da na yi a gindin darbejiya, wanda ya fi kowanne rashin amfani nake nema, kuma na same shi. Abin da ƙafar Inna take buƙata shi ne ainihin abin da Inna ta ƙi.

Madam ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta jawo wata 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Man kaɗanya ne, curi guda, launinsa tsakanin fari da ruwan toka, yana warin hayaƙi.

"Yayata ce take aiko mini daga gida. Shi nake shafawa, waɗannan na sama sayarwa nake yi. Ba rubutu a bayansa, abu ɗaya ne a ciki. Shi ma yana tare ruwa, kada in ruɗe ka, bai dai kai basilin ba. Amma Mama ta san shi tun kafin ta san ka."

Ta yanko mini rabi da wuƙa ta naɗe a takarda.

Kashegari bayan azahar na tsayar da limamin masallacinmu na tambaye shi. Ya ce man da ya narke ya bi jiki bai hana alwala ba, wanda ya daskare ya yi ɓawo shi ake gusarwa. Ya ce alwala ɗaya tana ɗaukar salla fiye da ɗaya in ba ta karye ba, kuma wurin da aka ɗaure saboda ciwo shafa ake yi a kai. Na kawo wa Inna wannan da zafinsa. Ta saurara har na gama.

"Malam ya yi gaskiya," ta ce wa bango. "Amma ran tsayuwa ba shi za a tambaya ƙafata ba."

A nan haƙurina ya ƙare. Ni ba mai iya magana ba ne, in ta zo fitowa ba na iya rage mata kaifi. Ban kalli bango ba, ita na kalla.

"Inna, in aka yanke ƙafar, me za ki wanke?"

Carbin ya tsaya a hannunta. Tunda nake ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta juya. Na ajiye ƙunshin man kaɗanyar a bakin ƙofa na fita. Ranar ba ta aiki kowa goro ba, tuwon da na sayo ma kaɗan ta taɓa.

Washegari na dawo daga fili da wuri, gab da la'asar. Gari ya yi luf, hadari ya taso ya tsaya a kan Unguwa Uku, iska ba ta motsi. Rediyon maƙwabta yana ta maganar miƙa mulki. Na tarar da Inna a kan kujera 'yar tsugunne a tsakar gida, ta buɗe takardar, ta gutsuro man tana murzawa tsakanin yatsu yana narkewa. Ta kai hanci.

"Wannan ba na ƙasarmu ba ne," ta ce. "Sun cika masa wuta. Namu ya fi fari."

Na zauna nesa kaɗan. Sai ta ci gaba, da wata murya da ban san ta da ita ba, a hankali, kamar mai magana cikin barci. Ta ce war haka kaɗanya take zuba, farkon ruwa. Suna 'yan mata sukan fita da sassafe da ƙwarya, ciyawa tana jiƙa musu zane, su tsinci 'ya'yan a ƙasa, don ba a kaɗo kaɗanya, jira ake ta faɗo da kanta. Su shanye zaƙin a hanya, su kawo ƙwallon gida. Ta ce uwarta takan dafa, ta shanya, ta daka, ta yi ta bugawa a ruwa har man ya taso fari ya rabu. Ta ce uwarta da shi take shafe ƙafa duk rayuwarta, kuma ba ta san ranar da matar nan ta bar salla ba. Wata guguwa ƙarama ta juya ganye a bakin rariya ta kwanta.

"A ji sharaɗi," ta ce wa bango, muryarta ta dawo daidai. "Bayan alwala, ba kafin ta ba. In za a sake wata, a kawo ruwan ɗumi da tsumma a goge shi tas. Ta la'asar za ta kai magariba in Allah Ya so. Ta asuba ba na haɗa ta da komai."

"An ji, Inna."

Ta jawo buta ta yi alwala a nutse. Ta shafi kan audugar da jiƙaƙƙen hannu kamar yadda liman ya ce, ba ta nuna daga wurinsa ta ji ba. Da ta gama sai ta ɗauki man ta sunkuya. Hannunta ya kai idon sawu ya tsaya. Ta sake gwadawa ta gefe, numfashinta ya yi sama. Ta ɗago ta zauna. Mun daɗe a haka, ruwa yana ɗiga daga yatsunta.

Sai ta ja mayafin ta lulluɓe fuskarta gaba ɗaya, ta juyar da kai wajen bango, ta miƙo ƙafar hagu ta ɗora a kan tabarma.

"In akwai wanda ba shi da aikin yi a gidan nan, ga ƙafa nan an ajiye."

Na matso na durƙusa. Hannuwana sun sha garin sabulu, sun yi kaushi kamar soso, sai da na ji kunyarsu. Na narkar da man a tafin hannu har ya koma ruwa, na ɗauki ƙafar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Sanyi gare ta, fatar kamar ɓawon itace. Na fara daga gefe, na kewaye audugar, na bi bakin kowane faso da babban yatsa a hankali, yadda nake bin gefen gilashi in mai mota yana tsaye a kaina. Fatar tana sha, ina ƙarawa. Warin hayaƙin ya tashi ya danne na lemo. Na shafe dunduniyar, na shafe tafin, na dawo na sake. A sama hadarin ya yi ƙugi sau ɗaya, can nesa.

Daga cikin mayafin ta ce, "An fara ne?"

Na daɗe da farawa. Na kusa gamawa ma.

"Yanzu za a fara, Inna," na ce. Na sake gutsuro man, na koma daga farko.

Na sa mata safata, don ba ta da tata, ta yi mata yawa har ta naɗe a yatsu. Ta miƙo ta dama ba tare da an tambaya ba. Da na gama ta tashi ta yi la'asar, ta zauna a kan buzu ba ta motsa ba, ko ruwa ta ƙi sha don kada alwalar ta karye, har aka kira magariba ta yi ta da ita. Ruwan sama bai sauko ba ranar. Ban san ko ƙafar za ta tsira ba, nas ma ba ta yi mini alkawari ba.

Da asuba na riga ta tashi. Na hura gawayi na ɗumama ruwa, na zuba a butarta, na yago tsumma mai tsabta daga tsohuwar rigata na ajiye a kan murfin. Na je masallaci na dawo, na tarar ta goge ƙafar ta yi alwala tana salla. Na gutsuro man na riƙe a tafin hannu don ya narke, na zauna a bakin ƙofa ina jira ta sallame.